Sansanin Elmina: Ginin Zinariya da Ya Koma Kurkukun Bayi

Yawancin masu zuwa Elmina, a gaɓar tekun ƙasar Gana, labarin bayi ne yake kai su, kuma ba su yi kuskure ba. Sai dai a ganina ba a fahimtar sansanin da ke wannan gari sai an tuna cewa saboda zinariya aka kafa shi. A watan Janairu na 1482 Diogo de Azambuja ya iso wurin bisa umarnin Sarkin Fotugal João na Biyu, da mutane kimanin 600, sojoji da magina da kafintoci. Jiragensu suna ɗauke da sassaƙaƙƙun duwatsu da katako, domin aikin ya tashi da sauri kafin mutanen gari su sake shawara. Sarkin wurin, wanda Turawa suka rubuta sunansa Caramansa, bai yi maraba da zancen ba, kuma da magina suka fara fasa wani dutse da jama'ar garin suke girmamawa, sai da aka yi rikici kafin a lallashe su da kyaututtuka.

Wurin da aka zaɓa zirin ƙasa ne tsakanin teku da kogin Benya, inda jirgi zai samu mafaka. Burin Fotugal shi ne ta karkato da zinariyar ƙasar Akan, wato al'ummar kudancin Gana ta yau, zuwa teku, wadda a da fataken Wangarawa suke kai ta arewa ta ratsa Sahara. Wani abin da ba a cika ambata ba shi ne, a farkon zamanin, shigo da bayi ake yi Elmina daga yankin masarautar Benin, a kudancin Najeriya ta yau, a sayar wa 'yan kasuwar Akan su biya da zinariya.

Katangun suna da kauri, igwoyi kuma suna tsare da teku, amma ta tudu aka ci ginin. A 1637 sojojin Holan suka haye tudun da ke fuskantar sansanin, wanda ake kira St. Jago, suka girke igwa, suka yi ta ɓarin wuta daga sama har mutanen Fotugal suka miƙa wuya. Da yake sun san ta inda suka shiga, sai suka gina wani sansanin a kan tudun, Coenraadsburg, don kada a yi musu irin abin da suka yi wa wasu.

A hannun Holan ne cinikin bayi ya rinjayi na zinariya. Ɗakunan ƙasa da aka gina don ajiyar haja suka koma kurkuku, na maza daban, na mata daban, iska ba ta shiga sai ta 'yan ƙananan kafofi, alhali gwamna yana zaune a bene yana shan iskar teku. Cocin da Fotugal ta gina a tsakar gida aka mai da shi wurin ciniki. Ƙofar da ake fitar da bayi zuwa jirgi kuwa tsukakkiya ce ƙwarai, mutum ɗaya ne yake iya bi a lokaci guda.

Bayan an haramta cinikin, Holan ta ci gaba da kwasar mutane ta wata hanyar, wato ɗaukar sojoji zuwa tsibirin Java, a Indonesiya ta yau, tsakanin 1831 da 1872, da yawansu bayi ne da aka fanso daga Kumasi, babban birnin Asantawa. A 1872 ta miƙa ginin ga Ingila. Asantawa, waɗanda Holan ta daɗe tana biyan sarkinsu kuɗin zama a wurin, ba su amince ba, wannan kuwa yana cikin dalilan yaƙin 1873 zuwa 1874, wanda dakarun Hausawa da aka ɗauko daga Legas suka shiga a ɓangaren Ingila. A 1873 Ingila ta ragargaza tsohon garin Elmina da igwa, ba a kuma sake gina shi a inda yake ba. A cikin sansanin aka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896 kafin a kai shi Saliyo, daga bisani tsibiran Seychelles. Daga baya ginin ya zama makarantar horar da 'yan sanda, a 1979 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tare da sauran sansanonin gaɓar Gana.