Abin da bakina ya kasa faɗa, takarda ta faɗa wa likita

Babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce jikina abin ƙyama ne. Shiru ne ya koya min haka. In na yi tambaya a kan jinin al'ada, amsar ɗaya ce: "Ke, ba ki da kunya?" Haka na girma ban san cewa farin ruwan da mace ke gani, matuƙar ba ya wari kuma ba ya ƙaiƙayi, hanya ce da jiki ke tsaftace kansa ba, ballantana in san yana ƙaruwa ya yi yauƙi a tsakiyar wata lokacin fitar ƙwai. Na daɗe ina zaton ciwon sanyi gare ni, ina kuma tsoron in faɗa a tambaye ni inda na samo shi.

Aure ne ya tona abin. Duk lokacin da maigidana ya kusance ni, sai gabana ya ƙulle tamau, zafi kamar ana tsaga ni da reza. Ina son mijina, amma jikina ya ƙi ba ni haɗin kai. Shi ya ɗauka ƙin sa nake yi, ni kuma na yanke wa kaina hukunci cewa ban cika mace ba. Daga nan barci ya ƙaurace min, abinci ya fita raina, in zauna haka kawai hawaye na zuba. Masu ziyara su ce, "Amarya ta rame, ko dai an samu ne?" In yi murmushi. Wadda ta lura da damuwata kuwa cewa ta yi, "Me kika rasa? Ki gode wa Allah." Ina godiya, ina addu'a, ciwon kuma yana nan daram.

Da sunan ciwon kai da rashin barci na je asibiti, na roƙi a haɗa ni da likita mace. Na san halina sarai, in na zauna gabanta bakina zai mutu, saboda haka tun daga gida na rubuta komai a takarda. Da ta ce, "To, me ke tafe da ke?" sai na miƙa mata, hannuna na rawa, idona a kan takalmina. Ta karanta har ƙarshe, fuskarta ko gezau. Ta ajiye alƙalami ta ce, "Ƙanwata, ba ke ce ta farko da ta kawo min wannan ba, kuma yana da magani." Wallahi kukan da na yi a ɗakin nan ya fi na watannin baya duka.

Ta bayyana min cewa likitoci suna kiran matsalar bajinismus: tsokokin da ke kewaye da gaba ne ke tsukewa da kansu ba da nufin mace ba, galibi saboda tsoro ko fargabar jin zafi. Zafin ya ƙara tsoro, tsoron ya ƙara tsukewa. Sai ta koma kan barci da kuka da cin abinci, ta tambaye ni kai tsaye ko na taɓa tunanin cutar da kaina. Ta ce baƙin ciki da fitar sha'awar komai daga rai, in suka wuce mako 2 kusan kullum, ana duba yiwuwar ciwon damuwa. Daga baya na karanta cewa Hukumar Lafiya ta Duniya, a bayaninta na shekarar 2023, ta ƙiyasta masu ciwon damuwa sun kai kusan miliyan 280, kuma ya fi kama mata da wajen kashi 50 cikin 100 a kan maza.

Jinyar ba ta ƙiftawar ido ba ce. An koya min atisayen numfashi da sassauta tsokar ƙugu, aka ba ni wasu 'yan sanduna masu santsi, daga ƙarami zuwa babba, da nake amfani da su ni kaɗai a hankali. Mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa ta sa ni rubuta tunanin da ke zuwa min, irin su "ni lalatacciya ce", sannan in nemo hujjarsa. Sau da yawa babu hujjar, muryar wasu ce kawai na haddace tun ina yarinya.

Abin da ya fi min wuya shi ne kai maigidana wurin likitar. Ya zauna shiru yana saurare, a hanyar dawowa ya ce, "Ashe wahala kike sha ni ina fushi." Amma ba kowa ya cancanci wannan labari ba. Wata ƙawa da na ɗan gutsura mata ta turo min tallan abubuwan cusawa na intanet, waɗanda likita ta ce suna kashe ƙwayoyin halitta masu kare gaba, su jawo ciwon da babu shi a da. A ganina, wanda bai iya sauraro ba tare da wa'azi ko talla ba, gaisuwa ta ishe shi.

Maganin damuwar da likita ta rubuta min kuwa sai da ya ɗauki makonni kafin in ji sauyi, dama an ce min yakan kai mako 4 zuwa 6. Ya kuma rage min sha'awa, abin da wasu daga cikin irin waɗannan magunguna ke yi. Na gaya wa likita, ta daidaita min shi. Ta gargaɗe ni kada in yanke shi rana ɗaya don na ji sauƙi: zan ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan na warware, sannan a riƙa rage shi kaɗan-kaɗan a ƙarƙashin kulawarta. A wannan matakin nake yanzu.