Ina kwaɗi suke zuwa da rani?

Shekara huɗu ina koyar da kimiyya a wata firamare a Marwa, a arewacin Kamaru, kuma duk sanda muka zo darasin kwaɗi, da ƙaton nan na kudu nake farawa, wanda ake kira Goliyat. A kogunan kudancin Kamaru da Ikwatoriyal Gini kaɗai ake samunsa. Tsawon jikinsa yakan kai santimita 32, nauyinsa ya haura kilo 3, kamar jaririn da aka haifa yau. Har duwatsu yake turewa ya gyara wa ƙwansa ɗan gurbi a bakin kogi. Yara su riƙe baki, ni kuma in ji na koyar.

Sai wata yarinya ta ɗaga hannu. "Malam, kakata ta ce kwaɗi daga sama suke faɗowa da ruwan farko." Na ce ba haka ba ne. Ta ce, "To ina suke zuwa da rani?" Na ce ɓuya suke yi, na wuce. Amsar ba ta gamsar da ita ba, na gani a idonta, kuma abin ya tsaya mini a rai.

A watan Maris, Mayo Kaliyawo, kogin da ya ratsa Marwa, ya zama rairayi zalla, na bi ta wani busasshen tafki inda ake haƙar ƙasar tubali. Na gaida wani dattijo, na yi masa tambayar. Bai ce komai ba, ya ja ni gefen ramin, ya kankare laka da bakin fartanya a hankali. Sai ga wani abu a dunƙule kamar curin ƙasa, lulluɓe da busasshiyar fata mai kama da ɓawon albasa, kafofin hanci kawai a buɗe. Burduddugi ne, da ransa.

"Baba, tun yaushe yake nan?"

"Tun da ruwa ya ɗauke, ɗana. Kada ka jiƙa shi, zai zaci damina ce." Ya mayar da ƙasa ya rufe.

Daga baya na koma littafi, na tarar da bayanin abin da idona ya gani. Fatarsa ce yake saɓawa, ɗaya bisa ɗaya, har ta zama rigar da ke hana ruwan jikinsa tsanewa. Yana ajiye ruwa a mafitsara yana ja kaɗan-kaɗan, numfashi da bugun zuciya su yi ƙasa. Dama kwaɗo ba ya shan ruwa da baki, ta fatar cikinsa yake tsotsa. In ruwan sama ya ratsa ƙasa, rigar ta yi laushi, ya tuɓe ta ya cinye, ya fito. Kakar yarinyar ta ga gaskiya: dare ɗaya suke cika gari. Inda suka fito ne kawai ta ɗauka sama.

Bana da tafkin nan na fara darasin. Na kai yara, dattijon ya nuna musu, suka tsuguna shiru ba mai tura wani. Goliyat sai a ƙarshe na kawo shi. Da aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Yuni, yarinyar nan, yanzu tana aji na gaba, ta tare ni a ƙofar makaranta, ƙafafunta duk taɓo. "Malam, sun fito! Na ga ramukan."