Wasiƙa daga Amurka: masu garkuwa da kayan ɗaki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Da fatan kowa yana lafiya. Tun da aka ji mun tashi daga Bronx a birnin New York mun koma Houston a jihar Texas ake ta aiko mini da tambaya iri ɗaya, musamman iyayen da 'ya'yansu ke karatu a nan: yaya ake kwashe gida guda a kai shi tafiyar sama da mil 1,500? Zan taɓo ɗaurin kaya yau, kuɗin haya da zafin Texas kuma su biyo baya, amma bari in fara da abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya.

A gida ka je tasha ka kira a-kori-kura, ka san direban ko ka san wanda ya san shi, ƙaninka kuma yana zaune a baya kan katifa har a isa. A nan kayanka za su yi kwana da kwanaki a hannun mutanen da ba ka taɓa gani ba, abin da ya haɗa ku takarda ce kawai. Ta nan 'yan damfara ke shigowa. Za su yanka maka farashi mai rahusa ta waya ba tare da sun ga ko cokali ba. Sai an loda komai an kulle mota, sannan a ce kayan sun fi nauyin da aka zata, kuɗi ya ninka, in ba ka biya ba ba za a sauke ba. Wata baiwar Allah da muka sani haka aka yi mata. Na shiga gidanta na tarar da yara kwance kan bargo a ƙasa, ana dafa abinci a tukunyar aro, gadajensu kuwa suna wani sito da aka ƙi gaya mata inda yake. Wallahi ranar raina ya ɓaci.

Abin takaicin, doka tana nan, rashin sani ne ke cutar mutanenmu. Duk kamfanin da ke ɗaukar kayan gida daga jiha zuwa jiha dole ya yi rajista da hukumar FMCSA ta ma'aikatar sufuri, ya mallaki lambar rajista da ake kira USDOT. Ka nemi lambar, ka duba ta a shafin hukumar, za ka ga koke-koken da aka shigar a kansa. Ka tambaya kuma: motar taku ce, ko ku dillalai ne? Da yawa daga masu talla a intanet ba su da ko taya ɗaya, kafin alƙalami suke karɓa su sayar wa wani aikin.

Kiyasin kuɗi ya zama a rubuce, bayan sun ga kayan. Iri biyu ne: akwai tsayayyen farashi, akwai wanda zai iya canzawa bayan an auna nauyi. Ko a na biyun, doka ba ta yarda su riƙe kayanka ba muddin ka biya kashi 110 cikin 100 na kiyasin ranar saukewa. Kada ka sa hannu a takardar da aka bar gurabe ba a cike ba, komai saurin da direba ke yi. Batun diyya ma a buɗe ido. In ka zaɓi ta kyauta, santi 60 ake biya kan kowace laba. Talabijin mai laba 50 ta fashe, dala 30 za a miƙo maka. Cikakkiyar diyya sai an ƙara kuɗi, ni dai ita na zaɓa. In wani abu ya ɓace ko ya lalace, kana da wata 9 ka shigar da kuka a rubuce. Wannan duk na tsallaka jiha ne, ƙaura a cikin jiha ɗaya kowace da nata tsarin.

Ɗaurin kaya ba shi da wuya. Littattafai a ƙananan kwalaye, a naɗe tangaran cikin zannuwa, a sa wa kowane kwali lamba a ɗauki hotonsa. Fasfo, takardun zama, gwala-gwalan uwargida da magunguna kada su shiga motar, su bi ka a jiki.

Batun haya da zafi sai wasiƙa ta gaba in Allah ya kai mu. A gaida mutanen gida.

Naku, daga Houston.