Daga Kano zuwa Gwanja, ta bakin teku

Bakano ba baƙon tafiya ba ne. Shiga Kantin Kwari ka zauna da masu shaguna, za ka samu wanda ya san lungunan Dubai fiye da na Gwammaja, ga Makka da Madina da kowa ke buri. Amma ka ce za ka Benin da Togo da Gana don buɗe ido kawai, ba saro kaya ba, sai a dube ka a ce, "To me ka ajiye a can?" Ni goro ne ya ja ni. Kakan mahaifina falke ne, da jakuna ya riƙa zuwa Gwanja, kuma tun ina yaro nake jin sunan Salaga, babbar kasuwar Gwanja da ke arewacin Gana ta yau, a bakin tsofaffin gidanmu.

Wani matashi ne ɗan Fagge yake shirya irin wannan tafiya. Ya yi zaman Kwatano, yana jin Faransanci, a WhatsApp yake tara mutanensa. Ba ya ɗaukar fiye da abin da ƙaramar bas guda za ta ci. A ayarinmu akwai wani tsohon malamin tarihi da ya yi ritaya, da Hajiyoyi biyu masu harkar atamfa, da likita da maiɗakinsa, da wasu samari 'yan jami'a. Kuɗin da muka biya ya haɗa mota da masauki da karin kumallo da kuɗin shiga wuraren kallo. Namu shi ne fasfo, da katin nan mai ruwan ɗorawa na allurar shawara, da guzuri. Sefa kuwa a Wapa muka canjo ta tun kafin mu tashi.

Da so samu ne, da ta arewa muka bi, hanyar da fatake suka bi: a haye Kwara, a ratsa ƙasar Bargu, a faɗa Yandi, a sauka Salaga. Jagoranmu ya ce ba zai kai mutanen da aka ba shi amana cikin dajin da ba shi da tabbacin lafiyarsa ba, ga shi Nijar da Burkina Faso da Mali sun fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, al'amuran iyaka ta can sai a hankali. Don haka muka hau jirgi daga filin Malam Aminu Kano zuwa Legas, daga nan mota ta ɗauke mu muka miƙi hanyar Badagiri.

A iyakar Seme na fara gane amfanin madugu. A takarda, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa a ƙungiyar damar shiga wata ya yi kwana 90 ba biza. A ƙasa kuwa, akwai layi, akwai fom da Faransanci, akwai 'yan kamasho da ke rufe ka kowa na cewa shi zai fitar da kai. Yaron nan ya haɗa fasfunanmu a jaka ɗaya, ya jera mu bisa tsarin sunayen da ke takardarsa, ya ce kada wanda ya amsa wa kowa magana. Aka buga mana hatimi muka wuce, alhali wasu da muka tarar a wurin suna nan suna ciniki. A shingayen hanya ma haka ya riƙa yi: inda ake buƙatar takarda ya miƙa, inda ake buƙatar haƙuri ya ba da, ba mu taɓa jin ya ɗaga murya ba.

Kwatano gari ne na babura. 'Yan acaɓarsu duk da riga mai ruwan ɗorawa da lamba a baya, in danja ta sake su sai titi ya cika maƙil. Da yamma muka nemi abinci, jagora ya ce mu je Zango. Muna sauka na ji ana "Malam, a kawo na nawa?" Mai tsire ne, mutumin Dosso. Kusa da shi mai shayi ɗan Maraɗi, gaba kaɗan mai gyaran agogo da ya ce kakansa daga Katsina ya zo. Muka yi magariba a babban masallacin unguwar, bayan sallama mutane suka yi ta miƙo hannu suna tambayar mutanen Kano. Tun daga ranar muka san dabarar: ko wane gari muka sauka, a tambayi Zango. A nan nama na yanka yake, a nan masallaci yake, a nan za ka yi ciniki da harshenka.

Washegari muka shiga kwalekwale zuwa Ganbiye, garin da aka gina bisa turaku a tsakiyar tafkin Nokuwe. Kasuwa a kan ruwa, makaranta a kan ruwa, yarinya 'yar shekara bakwai tana tuƙa jirginta ita kaɗai. Kakanninsu, mutanen Tofinu, gudun mayaƙan Dahome masu kamun bayi ne ya kai su cikin ruwan. A Wida akwai ɗakin tsafi da ake ajiye mesa, har ana rataya wa baƙi a wuya su ɗauki hoto. Samarin suka shiga, babbar Hajiya ta ce, "Ni dai a'uzu billahi, ku tarar da ni a mota." Daga cikin gari muka bi hanyar ƙasa mai kusan kilomita 4 wadda aka riƙa koro bayi ta kanta zuwa gaɓa, har inda aka gina wata babbar ƙofa ta tunawa a 1995. Bayan ƙofar babu komai sai rairayi da teku.

Togo siririya ce ta bakin ruwa, faɗinta a nan bai kai kilomita 60 ba. Muna tsallakawa jagora ya ce kowa ya mayar da agogonsa baya da awa ɗaya, domin Togo da Gana suna bayan Najeriya da Benin. A Lome ne aka yi ɗan saɓani. Babbar kasuwar garin ita ce gidan matan nan da ake kira Nana Benz, waɗanda suka yi arziki da atamfar Holan har suka riƙa hawa Marsandi tun shekarun 1970. Hajiyoyinmu suka ce ko sama da ƙasa za ta haɗu sai sun wuni a ciki, samari kuma bakin teku suke so, malam yana son gidan tarihi. Wannan ita ce wahalar tafiyar haɗaka, kowa da abin da ya fito da shi daga gida, mota kuma ɗaya. Jagora ya raba mu uku, ya sa lokacin haɗuwa bayan la'asar. Ni Hajiyoyin na bi, ban kuma yi asara ba, don na ga yadda mace ke shafa turmi da yatsa biyu ta faɗi ko na Holan ne ko kwaikwayon Sin tun ba ta duba tambari ba.

Iyakar Aflawo a cikin garin Lome take, da ƙafa muka taka muka shiga Gana, aka koma Turanci da kuɗin sidi. A Akra, unguwar Nima muka karya da koko da ƙosai, kokon da yaji da citta kamar na gida, kuma duk Gana da sunan Hausawa ake sayar da shi. Muka yi Juma'a a masallacin ƙasa da ke Kanda, ginin Turkawa mai ƙubbobi da dogayen hasumiyoyi, wanda aka buɗe a 2021. Babban limamin ƙasar, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, haifaffen 1919 ne, jinin Hausawa ne, kuma Musulmi da Kirista duk girmama shi suke yi. Bayan salla wani dattijo ya riƙe hannuna da ya ji daga Kano nake. Ya ce yana saurayi aka yi dokar korar baƙi ta 1969, zamanin Firaminista Busiya, rabin gidansu suka tafi Najeriya, shi aka bar shi wajen kakarsa. A 1983 kuma Najeriya ta kori 'yan Gana kusan miliyan guda, wasu daga cikin 'yan uwan nasa suka sake dawowa da kaya a ka. Na ce, "Baba, to ku 'yan ina ne yanzu?" Ya ce shi dai a Nima aka binne cibiyarsa, amma har gobe in an yi rasuwa a unguwar Ƙoƙi ta Kano ana bugo masa waya.

Elmina, tsohon sansanin cinikin bayi da ke bakin teku, ta girgiza mu. Turawan Fotugal ne suka gina sansanin a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. Aka shigar da mu ɗakunan ƙasa inda ake cusa ɗaruruwan mutane, ba taga sai 'yar kafa a sama. Aka nuna mana barandar da gwamna ke tsayawa ya leƙo tsakar gidan mata ya zaɓi wadda yake so, da cocin da ke tsakiyar ginin, mutane na ibada 'yan taku kaɗan daga waɗanda ke mutuwa cikin ƙazantarsu. Matar likita ta fita da kuka. A mota kowa sai Allah ya isa yake ja wa Bature.

A tsarin da muka biya, daga Kumasi za a juyo. Mun ga fadar Manhiya ta Sarkin Asante, mun ɓace a kasuwar Kejetiya, mun je Zango inda ake ɗaure huhun goro cikin ganye, irin wanda nake gani ana saukewa a Mariri. A nan na roƙi ayari mu ƙarasa Salaga. Da bas ce mai cin mutum hamsin, da ba wanda zai saurare ni. Amma mu kaɗan ne, a kan tabarma ɗaya muka yanke magana. Malam ya goyi bayana, aka yi lissafin ƙarin kuɗin mai da kwana, Hajiyoyi suka ce su za su tsaya Kumasi su ƙarasa sayayya su tarar da mu a Akra.

Hanyar ta bi ta Ejura da Atebubu, daji yana raguwa, ƙasa tana komawa irin tamu, har muka fara ganin kuka da kaɗanya. A Yeji hanya ta ƙare a bakin tafkin Bolta, wanda madatsar Akosombo ta haifar bayan kammala ta a 1965. Muka daɗe muna jiran jirgin fito, muna cin soyayyen kifi, motocin doya sun yi layi. Ya kwashe mu har da bas ɗinmu ya sauke a Makango.

Salaga yau ƙaramin gari ne mai ƙura, ba za ka ce nan ne kasuwar da ta haɗa Asante da ƙasar Hausa ba. Daga kurmi ake kawo goro nan, fatakenmu kuma, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, su iso bayan tafiyar watanni da kanwa da baƙin rini da jan fata da gabu da dabbobi. Madugu ke shugabantar ayari, jagaba ke gaba yana neman zango da mashaya, ana biyan fito da kuɗin hanya a ƙasar kowane sarki. Ingila ta ci Kumasi a 1874, goro ya fara sauya hanya, sai yaƙin basasar 1892 ya watsa garin. Cikin waɗanda suka tashi har da Alhaji Umaru, malamin nan marubuci da aka haifa a Kano wajen 1858, wanda ya koma Kete-Karachi ya rasu a can a 1934. Alhassan Ɗantata ma ta fataucin goron ƙasar nan ya fara, kuma yana cikin na farko da suka riƙa ɗora shi a jirgin ruwa zuwa Legas.

Duk wannan na zo da shi a kaina. Abin da na tarar sabo shi ne wanda ɗan garin da ya zagaya da mu ya nuna. Ya kai mu filin da ake tsayar da bayi a yi cinikinsu, ya nuna mana mari da sarƙoƙin da aka adana, da rijiyoyi birjik da aka haƙa. Sai ya kai mu inda ake wanke mutanen da aka kamo daga arewa, a shafe su da man kaɗe don su yi kyan gani kafin a kai su kasuwa. Sunan wurin har yau Wankan Bawa. Bai fassara mana ba, mu ma ba mu nema ba. Wasu daga nan aka kora su kudu har irin ɗakunan da muka gani a Elmina, wasu aka musanya su da goro, wasu suka ɗauko kayan fatake a ka zuwa ƙasarmu.

A hanyar Tamale gardama ta tashi. Ɗaya daga cikin samarin ya ce zamanin ne haka, kowace al'umma ta yi, kuma bautar gida ba ɗaya take da ta Turawa ba. Malam ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Ɗana, wanda aka raba da uwarsa aka ɗaura masa mari, ba ruwansa da ko wane ne ya saye shi." Ni ina tare da malam. A gidanmu labarin jakuna da kanwa da 'yan fashin Bargu ake ba mu, da yadda ake yayyafa wa goro ruwa a hanya kada ya bushe. Ba a taɓa ambata mana bayi ba, alhali kasuwa ɗaya ce, rumfa kusa da rumfa. Ina alfahari da mutanen da suka taka wannan nisa da ƙafa suka kafa zangunan da suka ciyar da mu tun daga Kwatano. Amma Allah ya isan da muka ja a Elmina, ya kamata mu iya tsayawa a Salaga mu faɗi namu kason da bakinmu, mu kuma koya wa yaranmu shi a aji kamar yadda ake koya musu zuwan Lugga.

Daga Tamale jirgi muka hau zuwa Akra, muka haɗu da Hajiyoyi da ƙullin kayansu, sai Legas, sai gida. Na ce wa jagoran ya sa Salaga cikin tsarinsa na dindindin, ko da zai rage yinin bakin teku. Ya ce mutanenmu teku da kasuwa suke biya wa kuɗi, amma in ya samu cikin mota guda masu so, zai kai su. Malam ya riga ya fara bin malaman tarihi na sakandaren cikin gari ɗaya bayan ɗaya, suna shirin zuba adashe don su tafi a hutun ƙarshen shekara, lokacin da ruwa ya ɗauke hanya ta bushe.