Wasiƙa daga Bronx: malamar Sifaniyancin ɗana

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, da fatan kowa yana lafiya, da iyali.

Da yawa a gida sun ɗauka duk wanda ya zo Amurka Turanci kawai zai nema. A Bronx, ɗaya daga cikin gundumomi biyar na birnin New York, inda muke zaune, fiye da rabin jama'a 'yan asalin ƙasashen da ake Sifaniyanci ne, galibinsu daga Jamhuriyar Dominican da Puerto Rico da Meziko. Mai kantin bakin layi da mai aski da bakanike duk da shi suke ciniki. A faɗin Amurka kuwa, sama da mutum miliyan 40 ne ke magana da shi a gida. Shi ya sa da ɗana ya shiga sakandare na ce sai ya ɗauki darasin. Ya ɗauka yana turo baki.

Allah ya haɗa shi da wata malama, dattijuwa, wadda ba zan ambaci sunanta ba. A makon farko ta tambayi kowane yaro harshen da ake yi a gidansu. Yaranmu na nan sukan ji kunyar wannan tambaya, abin kuma yana ci min tuwo a ƙwarya. Nawa ya ce Hausa, ƙasa-ƙasa. Sai ta sa ya rubuta mata jimla guda a allo ya karanta. Ta nuna masa cewa wasulan Sifaniyanci biyar ne, ana kuma karanta su yadda aka rubuta, kamar dai a bokon Hausa. Harafin r mai kaɗa harshe, wanda 'ya'yan Turawa ke shan wahala a kansa, shi tun yana goye yake da abinsa. Ranar ya dawo gida yana tambayar mahaifiyarsa karin magana.

Kada ku zaci mai sakaci ce. Ya taɓa kai mata aikin gida da waya ta fassara masa. Ta karanta layi biyu ta mayar masa, ta ce ya dawo bayan an tashi su yi tare. Ta fi son jimla mai kuskure da ta fito daga bakin yaro. Aikin da take bayarwa ma daban ne: je ka kantin unguwa ka sayo burodi da Sifaniyanci, gobe ka faɗa wa aji yadda kuka yi da mai kanti.

A nan idan ka ga lambar makaranta a wayarka, gabanka faɗuwa yake yi. Ita kuwa ta kira ni wani yammaci don kawai ta ce yaron ya yi magana a gaban aji ba tare da takarda ba, kuma in yaba masa. Na rasa bakin godiya.

Da azumi ya zo, ba wanda ya roƙe ta, ta buɗe ajinta lokacin cin abincin rana domin masu azumi su samu wurin zama nesa da ɗakin cin abinci. A watan ne ta koya musu tarihin Andalus, wato yankin Sifaniya da Musulmi suka mulka, tun shigar Musulmi a 711 har faɗuwar Granada a 1492, da hotunan fadar Alhambra da masallacin Kurɗuba. Ta kuma nuna musu Equatorial Guinea a taswira, can kusa da Kamaru, inda Sifaniyanci yake harshen gwamnati, don su san Afirka ma tana da rabo a ciki.

Duk wannan ba don kuɗi ya yi mata yawa ba. Malaman nan sukan sayi kayan aji daga aljihunsu, abin da gwamnatin tarayya ta yarda su cire daga kuɗin da ake yanka musu haraji a kai a shekarar 2025 bai wuce dala 300 ba. Littattafan labarai da ke jere a bayan ajinta, da katunan kalmomi da ta yanka da hannunta, ko makaho ya shafa ya san sun fi haka.

Yanzu tana tsayawa da su bayan tashi suna bitar jarrabawar AP, wato ta darussan matakin jami'a da 'yan sakandare ke ɗauka, wadda ake yi a watan Mayu, ana ba da maki daga 1 zuwa 5. Wanda ya ci da kyau, jami'o'i da yawa kan ɗauke masa wasu darussa. Ɗana yana cikin masu zama. Ku sa shi a addu'a, ita ma ku roƙa mata lafiya da nisan kwana.

Naku,
ɗan uwanku a Bronx