Abin da na koya game da ƙudajen da ke ɓata amfanin gona

A shekarun da na yi ina aikin malamin gona tsakanin Kura, Bunkure da Garun Malam, babban abin da na fahimta shi ne cewa ƙudan da manomi yake gani yana shawagi ba shi ne mai cin amfanin ba, tsutsar da ya bari a cikin tsiro ce take yin ɓarnar. Don haka yawancin feshin da ake yi ihu ne bayan hari, domin maganin yana sauka a kan ganye, alhali tsutsar tana can ciki.

A gonar dawa na fi ganin haka. Akwai ƙudan da ke saka ƙwai a bayan ganye tun dawa ba ta wuce mako 4 da tsirowa ba, tsutsar ta gangara ta yanke zuciyar tsiron, sai ganyen tsakiya ya bushe, idan aka ja shi ya fito da sauƙi yana ɗoyi. Akwai kuma wani ɗan mitsitsi mai jan ciki da ke zuwa lokacin da dawa take bununi, zangarniya ta fito da kyau amma babu ƙwaya, manomi ya ɗora laifin a kan ƙarancin ruwa ko taki. Idan aka matse gurbin ƙwayar da yatsa aka ga ruwa ja-ja ya fito, to tsutsarsa ce a ciki. Dukansu sun fi cutar da wanda ya yi jinkirin shuka, saboda sun riga sun hayayyafa a gonakin da suka riga tasa.

Masu noman rani kuwa suna fama da ƙudan kankana, wanda yake huda bawo ya zuba ƙwai, ɗan ya ruɓe daga ciki. Abin da yake damuna shi ne yadda ake jefar da ruɓaɓɓun a gefen gona, inda tsutsotsin ke shiga ƙasa su sake fitowa a matsayin ƙudaje. Kamata ya yi a tattara su a binne a rami mai zurfi, ko a ƙulle su a baƙar leda a bar su cikin rana.

Wahalar ita ce mutum ɗaya ba ya iya wannan aiki, domin ƙuda bai san iyakar gona ba. Shi ya sa yanzu nake zama da masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin manoma tun kafin ruwan shuka ya sauka, mu tsayar da lokacin da kowa zai shuka, da kuma ranakun da za a riƙa kwashe ruɓaɓɓen amfani tare.