Baƙin ɓoye a ɗaki na goma sha ɗaya

Laraba, da dare.

Tun bayan asuba nake fama da taken gogen nan da Baba ya kaɗa mini makon jiya, sai bayan la'asar shafin ya zauna daidai. Rubuta taken a kwamfuta da alamomin kiɗa, wato notoci, bai ɗauke ni awa biyu ba. Abin da ya cinye mini yini shi ne kwalliyar da ke cikinsa, wato wannan karkarwar yatsa da Baba ke yi a kan tsirkiya idan ya ja dogon sauti.

Mutane iri biyu nake yi wa aiki, kuma bukatarsu ba ɗaya ba ce. Yaran ajina masu karanta rubutun kiɗa mai layuka biyar suna son shafi mai tsabta: doguwar nota guda, da 'yar alamar karkarwa a samanta. Sauran kuwa, kuma su ne suka fi yawa, da kunne suke koyo, sai na tura musu sautin ta WhatsApp. In na bar kwamfuta ta fassara alamar da kanta, sai ta yi karkarwa irin ta biyano, a gwade tsaf, alhali Baba a hankali yake farawa, ya ƙara sauri, sannan ya zame zuwa sautin ƙasa. Dole na rubuta kowace 'yar nota da hannu, in ɓoye ta, ido ya ga guda, kunne ya ji goma sha shida.

Har yanzu da Finale, manhajar rubuta kiɗa, nake aiki, ko da yake masu ita, kamfanin MakeMusic, sun sanar a watan Agustan 2024 cewa sun daina haɓaka ta, suka nuna wa mutane hanyar wata manhajar, Dorico. Hannuna ya riga ya saba. A cikin Finale kowane layi yana da hawa huɗu, kamar bene. Na zuba notocin karkarwar a hawa na huɗu, masu wutsiya uku, takwas a bugu ɗaya, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina danna O suna dusashewa.

Da na duba shafin sai na yi dariya. A rubutun kiɗa ana yanka layi gaɓa-gaɓa da sanduna, kowace gaɓa ɗaki ce. Ɗaki na goma sha ɗaya, mai nota biyu kacal a ido, ya buɗe baki ya cinye rabin layi, maƙwabtansa kuma sun takure kamar fasinjojin bayan motar kasuwa. Shafi biyu ya koma uku. Notocin sun ɓuya, amma kowace tana nan zaune a kan tabarmarta, sai ka ce mutanen ɓoye. Manhajar tana raba fili ne bisa yawan notoci da tsawon kowace, kuma ban gaya mata ta daina ƙirga waɗannan ba.

A nan na yi wautar yau. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na kama jan sandunan ɗakuna da hannu, ina matse wannan ina buɗe wancan. Na yi sama da awa guda a haka. Ina gyara nota guda a ɗaki na goma sha biyu, rabon fili ya sake lissafa kansa, duk aikin ya rushe. Aka kuma ɗauke wuta, batir ya rage kaɗan, na rufe na tafi makaranta ina ƙunƙuni.

A aji wata yarinya ta leƙa takardar gwajin da na buga, ta ce, "Malam, nan wurin hutawa za mu yi? Na ga fili da yawa." Ta yi gaskiya. Mai karatu yana auna lokaci da faɗin wuri tun kafin ya ƙirga bugu, don haka ɗaki mai faɗin banza ƙarya yake yi wa ido.

Bayan la'asar na shiga saitin takarda, sashen hawa-hawa. Ga shi nan ƙiri-ƙiri: kowane hawa yana da akwatin da ke cewa ko zai shafi rabon fili. Na cire alamar daga hawa na huɗu, na zaɓi duka waƙar, na danna Ctrl da 4, sannan Ctrl da U. Ɗakin ya tsuke, shafi na uku ya ɓace. Minti biyu!

Sai sauran ƙananan rigingimu. Sandunan notocin hawa na ɗaya duk sun miƙe sama, don suna jin akwai maƙwabci a ƙasa, sai da na ce su yi watsi da notocin ɓoye. Doguwar notar da ake gani kuma tana ƙara tare da karkarwar, sauti biyu a kan tsirkiya guda, abin da goge ba zai taɓa yi ba. Ban kashe muryar hawa na ɗaya ba, domin wannan saitin duka takardar yake kamawa, da waƙar gaba ɗaya ta yi shiru. Na kwashe dogayen notocin zuwa hawa na uku, na kashe muryarsa shi kaɗai. Wani abokina mai aiki da manhajar MuseScore ya ce shi harafin V yake dannawa nota ta ɓuya, kuma kowace nota tana da nata makunnin murya. Na ɗan ji kwaɗayi.

Bayan magariba na kai wa Baba sautin a waya. Ya saurara sau biyu, kansa a sunkuye. Ya ce, "Yaro, yatsan ya yi, amma bakan fa? Wannan mai gogen ba ya numfashi." Nufinsa inda izgar baka ke juyawa, sauti ya ɗan lafa kafin ya dawo. Gobe zan rage ƙarfin notoci biyun ƙarshe na kowace karkarwa, in sake kai masa kafin ya fita kasuwa.